Yadda Sallamar Tarwaɗa Ta Shiga Coci

A ƙasar auduga ta bakin kogin Yazoo, can ƙetaren teku, zamanin da alfadari ke jan garma, mutum ko dai ɗan Asabar ne ko ɗan Lahadi. Ɗan Asabar shi ne mai zuwa gidan suyar kifi, inda ake kiɗan buluz ana shan giyar masara. Ɗan Lahadi kuwa yana coci da farar riga, yana kiran wancan kiɗa kiɗan Shaiɗan. Wanda aka kama da ƙafa ɗaya nan ɗaya can, a gaban jama'a ake soke sunansa, sai ya zo ya durƙusa a bencin masu tuba kafin a sake kallonsa. Haka dai ake faɗa, faɗa kuwa ba ta da wuya.

Cleophus Tillery ɗan Lahadi ne, kuma bai bar kowa ya manta ba. Tun da ambaliya ta tafi da tsohon piyanon cocinsu, shi ke riƙe wa jama'a waƙa da jitarsa. Wuri uku yatsunsa suka sani a wuyan jitar nan, yana zagaya su kamar alfadarin matsar rake, ba daɗi ba kuskure. Bai taɓa taka gidan suyar kifi ba, wannan gaskiya ce. Amma kada a ɗauka tsoron Allah ne ya hana shi. Tsoron wuƙa ne, da kuma ƙin rabuwa da abin aljihu. Akwai masu tsarkin da rowa ce ta wanke su.

Abin da Cleophus ke so a duniya ɗaya ne: gurbin da ya buɗe a bencin dattawan coci tun da tsoho Isom ya rasu lokacin shuka. Dattijo a gaba yake zama, shi ake fara zuba wa kaza ranar taro, shi ke yi wa mutane tambaya ba a yi masa. An ce ranar babbar Lahadi ta watan Agusta za a cike gurbin, kuma sunaye biyu ake ambata, nasa da na Ananias Pickett, wani shiru-shiru mai kwana wajen marasa lafiya ba tare da ya shelanta ba.

Ranar wata jana'iza, Cleophus yana bayan keken alfadari yana cin rabonsa na abinci, sai ya ji Mama Viney, uwar matan coci, tana cewa kiɗan Ɗan'uwa Tillery kamar burodin masara ne da aka manta gishiri, yana cika ciki ba ya kai wa zuciya. Dattijo Purvis Gaither, babban dattawa, ya amsa da cewa benci na son mutumin da zai iya motsa jama'a. Cleophus ya daina tauna. Kafin ya isa gida ya yanke shawarar neman gishirin nan, ya kuma san inda yake.

Yana wajen Elzie Broadnax, wanda ake kira Tarwaɗa saboda gashin bakinsa da kuma sana'arsa. Ranakun mako yana kama kifi, ranar Asabar ƙanwarsa ta soya, shi ya yi kiɗa. Sau ɗaya Cleophus ya taɓa jin hannunsa, a ƙofar kanti cikin gari, tsigar jikinsa ta tashi har ya ji tsoron kada a gani. Don haka ya tofar da yawu, ya ce da ƙarfi ga ɗan wuta yana kiran 'yan'uwansa. Tarwaɗa bai ɗago kai ba a ranar, amma kunnensa a buɗe yake.

Da aka gama noman ƙarshe, aka zauna jiran auduga ta fashe, Cleophus ya cusa jita cikin buhun tsinkar auduga, ya ce wa matarsa Ozella zai je kamun kifi. Ya sami Tarwaɗa a gindin bishiya bakin ruwa yana gyaran ƙugiyoyi.

"A'a, waliyyi, ɓatan hanya ka yi?" in ji Tarwaɗa. "Aljanna tana bayanka, nan bakin wuta ne."

Cleophus ya gyara murya ya ce ba sha'awa ce ta kawo shi ba. Sojan Ubangiji, in ji shi, dole ya san makamin abokin gaba kafin ya yaƙe shi.

"Duk haka kuke cewa," in ji Tarwaɗa.

Da mai hankali ne, da ya tsaya kan wannan magana ya tambaya su wa da wa. Cleophus bai tsaya ba, don mutumin da ya cika da kansa ba ya da wurin ajiye maganar wani. Suka yi jinga: Tarwaɗa zai koyar, Cleophus zai riƙa sa wa ƙugiyoyi tana, ya kuma tafi gida da kifi biyu don rufe bakin tambaya.

Tarwaɗa ya ce buluz tsani ne. Ya kafa yatsa a tsirkiya mai kauri, ya hau mataki-mataki har siririya, ya sauko. Matakai biyar ne masu lafiya, in ji shi, kowane jaki zai iya taka su. Sai kuma wani karyayye, wanda ba ya zaune a kan kowane ƙarfe na wuyan jita, yana tsakanin biyu ne kamar kaza a kan danga. Ba a taka shi, sai dai a danne tsirkiya a tura ta sama da yatsa har ta yi kuka. Ya tura, tsirkiya ta yi wani kuka irin na macen da ta daɗe da daina sa ran dawowar miji. Cleophus ya ji shi har cikin haƙora.

Hawa da sauka bai ba shi wuya sosai ba, ko da yake yatsunsa sun saba da wuri uku, suna ta komawa can kamar alfadarin da ya san hanyar gida. Karyayyen matakin ne ya gagara. In ya tura tsirkiya ta fara tauri sai ya tuna sabuwa sai an je gari an saya, sai ya sassauta. Sautin ya fito rabi, kamar atishawar da ta fasa.

"Tura ta, waliyyi. Ba za ta kai ƙararka wajen fasto ba."

"In ta tsinke fa?"

"In ta tsinke ka san ka kai. Kai ko kuka ma sai ka yi masa ragi."

Haka suka yi ta yi kusan kullum da la'asar, sauro na cin su. Hannun Cleophus ya koma warin tana, yatsansa ya tsage ya warke ya yi kanta. Kullum Tarwaɗa ya sauko daga tsanin nan, in ya kusa ƙasa sai ya yi wani ɗan juyi: ya tsinki sautuka da sauri, ya tura tsirkiya, sannan ya ɗauke hannu gaba ɗaya ya bar shiru kamar na numfashi biyu, kafin ya buga na ƙarshe. Cleophus ya kwaikwaya har ya zauna masa. Wata rana ya tambayi amfanin shirun.

"Wurin na masu shi ne," in ji Tarwaɗa. "Bar musu."

Nan ma bai tambayi su wane ne masu shi ba. A tsammaninsa juyin nan wani yanki ne na tsani, kowa haka yake sauka. Bai san abin da duk mai zuwa suyar kifi ya sani ba, cewa kowane makaɗi yana da sallamarsa, wato yadda yake rufe waƙa, kuma ana gane ta kamar yadda ake gane wandon mutum a kan igiyar shanya. Wannan juyi sallamar Tarwaɗa ce. Shirun kuwa na masu rawa ne: in ya ɗauke hannu sai su cike wurin da dukan ƙafa biyu a ƙasa, shekara da shekaru, har ƙafa ta daina neman izinin kai. Ko Tarwaɗa ya koya masa ne don ramuwar yawun ƙofar kanti, ko kuwa hannunsa ne bai iya sauka ba tare da ita ba, shi kaɗai ya sani. Kifi dai na ganinka, mai jar koma.

Ozella ba ta ce komai ba game da kifin da ke zuwa kullum biyu-biyu daga hannun mutumin da bai taɓa kama ko kwaɗo ba. Mace ce mai kamun kai, tana cikin mata masu hidima a coci da ake gane su da farar hula, duk Asabar kuma tana haye fadama ta gaida innarta mai ciwon ƙafa. Ana saura kwana kaɗan babbar Lahadi, tana kwaɓa garin masara, shi yana zaune yana guna-gunin waƙa, yatsunsa na sauka tsani a gefen tebur. Da ya zo wurin shirun sai cokalin hannunta ya daki kwano sau biyu. Ta tsaya cak tana kallon cokalin.

"Mista Tillery," ta ce, don haka take kiransa in maganar ba ta wasa ba ce, "wannan abin kada ka kai shi coci."

Ya tambaye ta wane abu. Ta ce abin da yake yi da hannu, kunnenta bai so shi ba. Ya yi dariya ya ce me mace ta sani game da kiɗa, wannan baiwa ce da ta sauko masa cikin addu'a. Ta dube shi. Don ta faɗa masa abin da yake ɗauke da shi sai ta faɗi inda ta san shi, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Ta koma kan kwaɓinta.

Shi kuwa lissafinsa ya gama. Ya duba mutanen cocin nan ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa: Dattijo Purvis da ke rantsuwa bai san ƙofar gidan suyar kifi ba, Mama Viney da ke toshe kunne in an ambaci buluz, sauran duk da suka yi ta cewa amin. A cikinsu wa zai gane? Zai ɗan barbaɗa gishirin a ƙarshen waƙa, su ji daɗin da ba su san sunansa ba, su ce Ruhu ne ya taɓa hannun Ɗan'uwa Tillery. Wautarsa ke nan, kuma ba ƙarama ba ce: shi da ya san ƙaryar da ke cikinsa, sai ya gaskata ta kowa.

Babbar Lahadi ta zo da zafin da ke narkar da man gashi. Fasto mai zagaya majami'u ya iso kan alfadarinsa, mata suka jera kwandunan kaza da dankali a inuwa, coci ya cika har tagogi. Cocin na katako ne, an ɗora shi kan tubala saboda ambaliya, ƙasansa rami, don haka ko tari mutum ya yi sai daɓen ya amsa. Cleophus ya zauna a kujerarsa ta gefen mimbari, yana fuskantar jama'a. Banda fasto, shi kaɗai ke ganin fuskokinsu, shi kaɗai kuma ke ganin ƙarƙashin bencuna, don mimbari ya tare wa fasto.

Bayan wa'azi Mama Viney ta ɗauko wata tsohuwar waƙa ta haye kogi, a hankali, ita ta ja baiti jama'a su amsa. Mafitai suna kaɗawa, ana gumi, wasu sun rufe ido. Cleophus ya bi su da wurarensa uku har baiti na ƙarshe. Da muryoyi suka fara sauka sai ya zame hannu sama, ya kama tsani daga kai, ya gangaro. Kawuna suka ɗago. Ya ga kafaɗu sun motsa, ya ga bakin Dattijo Purvis ya ɗan saki, zuciyarsa ta ce ga benci nan ya zo. Ya tsinki sautukan nan da sauri, ya tura tsirkiya, ya ɗauke hannu.

Daɓen coci ya amsa sau biyu, kamar an buga ganga.

Ba ƙafa ɗaya ba ce, ba goma ba. Ƙura ta tashi daga tsakanin katakai, kaza ta fito daga ƙarƙashin coci da gudu tana kuka. Cleophus, da hannunsa a sama, ya ga komai. Ya ga ƙaton takalmin Dattijo Purvis yana dawowa wurinsa a hankali kamar ɓarawo. Ya ga sandar Mama Viney, wadda ta daki ƙasa tare da ƙafarta mai lafiya. Ya ga bencin dattawa kusan gaba ɗaya, ya ga masu farar hula. A layi na biyu kuma ya ga takalmin da shi ya saya da hannunsa, a ƙafar Ozella, wadda ta kafa ido a kan maficinta kamar an rubuta mata wani abu a jiki. Nan take ya gane masu shirun, ya kuma gane ciwon ƙafar inna. Sautin ƙarshe bai bugu ba har yau.

Shirun da ya biyo baya ya fi na Tarwaɗa tsawo. Fasto, baƙo ne, yana ta dube-dube bai san me ya faru ba. Ananias Pickett kuwa idonsa a rufe yake tun farkon waƙa, ƙafafunsa a haɗe, leɓensa na motsi. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta: Mama Viney ta jefar da sanda, ta ɗaga hannu sama ta ce Ruhu ya sauko, ta shiga tattaka ƙasa ba tsari don a ce dama abin da ake yi ke nan. Masu laifi suka bi ta da murna. Ba a taɓa ganin Ruhu ya kama mutane da yawa haka a lokaci ɗaya ba, fasto har da hawaye.

Da aka fita cin abinci dattawa suka keɓe a gindin bishiya tare da Mama Viney. Cleophus ya tsaya nesa da faranti a hannu, kaza ta yi sanyi bai taɓa ba. Ya san hukuncin wanda ya kawo kiɗan Asabar cikin Lahadi. Yana ganin sunansa an soke, yana ganin gwiwarsa a bencin masu tuba, Ananias na zaune a gurbin Isom. Ya nemi Ozella da ido, ta ba shi baya tana rabon dankali.

Abin da aka yi a gindin bishiyar bai ɓoyu ba, don maganar mutum shida ba ta da murfi. Dattijo Purvis ya ce an ji wani baƙon abu a ƙarshen waƙa, ko akwai wanda zai iya faɗin daga inda ya fito? Kowa ya duba ƙasa. Ya sake tambaya, ya ce ba a tuhumar mutum sai da shaida, wanda ya san kiɗan ya miƙe ya ce ya san shi. Wani ya ce shi dai kunnensa ya yi nauyi bana. Mama Viney ta ce ita tsohuwa ce, ba ta san komai ba sai waƙoƙin Ubangiji. Sai wani daga gefe ya ce, ba don komai ba, kujerar makaɗi tana kallon jama'a ne, mai zama a kanta yana ganin abubuwa da yawa. Aka juya wannan magana. Mutumin da aka kora yana da baki, kuma ba abin da ya rage masa na asara. Wanda aka zaunar a benci kuwa ya shiga cikin masu rufin asiri. Game da Ananias aka ce mutumin kirki ne ƙwarai, Allah ya saka masa, sai wani karon. Bai ga komai ba, don haka ba wanda ya ji yana bukatar a ba shi komai.

Aka kira Cleophus. Ya zo, ya fara haɗa kalmomin tuba a baki. Dattijo Purvis ya kama hannunsa ya ɗaga, ya sanar cewa an ga alama yau, Ɗan'uwa Tillery ya motsa jama'a yadda ba a taɓa gani ba, gurbin Isom nasa ne. Sai dai, in ji shi, dattijo ba ya riƙe abin kiɗa, bai dace da girma ba. Daga yau za a rataye jita, a koma waƙa da tafi kamar yadda iyaye suka yi. Aka ce amin da ƙarfi, amin ɗin mutanen da aka sauke wa kaya.

Purvis ya rungume shi irin rungumar dattawa, ya kawo baki kusa da kunnensa.

"Ba ka tura tsirkiyar ta kai ba, Dattijo," ya ce a hankali. "Shi Tarwaɗa sai ta yi kuka yake sakinta."

Ya sake shi, ya gyara kwala, ya tafi wajen kaza.

Cleophus ya sami bencinsa. Ana fara zuba masa abinci, ana cire masa hula a hanya, shi ke yi wa masu zunubi tambaya da murtukakkiyar fuska, har an ce ya fi Isom tsanani. Jitar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, tsirkiyoyin da ya yi ta tattali suka yi tsatsa ba ɗaya da ta tsinke. Tarwaɗa ya gamu da shi sau ɗaya a ƙofar kanti, ya taɓa hula ya ce barka da girma, waliyyi, ƙugiyoyi na gaisuwa. Cleophus bai tofar da yawu ba a wannan karon.

Asabar ta farko bayan naɗi, Ozella ta goge takalminta, ta ɗaura ɗankwali, ta ce za ta haye fadama.

"Yaya ƙafar innar taki?" in ji shi.

"Da sauƙi, Dattijo. Har tana ɗan takawa."

Ya bi ta da kallo har ta shige cikin auduga. Sannan ya zauna a baranda da girmansa, shi kaɗai, yatsun hagunsa suna sauka tsani a kan gwiwa. Da suka zo wurin shirun ya tsaya ya saurara, ba wanda ya cike masa.